Kalmomin ilimin falaki da wasan raga a ajin hausa: sharhi a kan wata dabarar koyarwa

1. Gabatarwa

Tun shekara ta 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, tambaya guda ba ta gushe ba tana komowa gaban malamai da masana harshe, wato da waɗanne kalmomi za a koyar da ilimin zamani cikin harshen da yaro ya tsotsa. Tambayar ta ƙara nauyi a shekara ta 2025, da kundin sake gina ƙasa ya sanya hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Wannan sharhi ya ɗauki ƙaramin yanki na wannan babbar tambaya: kalmomin farko na ilimin falaki, irin su rana, wata, tauraro da husufi, da kuma dabarar da malamai da yawa ke bi don cusa su cikin kan yara, wato wasan kalmomi cikin raga.

Wasan iri biyu ne. Akwai wanda faransanci ke kira «mots mêlés», inda a ke ɓoye kalmomi cikin tarin haruffa, yaro ya neme su ya zagaye su da alƙalami. A nan za a kira shi wasan neman kalma. Akwai kuma «mots croisés», inda a ke ba da bayani, yaro ya gano kalmar ya rubuta ta harafi harafi cikin gidajen raga, kalmomin suna giciye juna. Wannan za a kira shi gicciyar kalmomi. Yawancin takardun da ke yawo a hannun malamai fassara ce daga faransanci, ko kuwa kwamfuta ce ta haɗa ragar bayan an ba ta jerin kalmomi. Abin da wannan sharhi ke son nunawa shi ne, wasan ba ya iya koyar da kalmar da ba a riga an tsayar da ma'anarta da rubutunta ba, kuma a fannin falaki hausa na da kalmomi da yawa waɗanda wannan aiki bai ƙare a kansu ba. Wanda ya fara da raga kafin ya yi wannan aiki, ya ɗora jinka ne ba a gama ginin ɗaki ba.

2. Asalin wasan da amfaninsa

Gicciyar kalmomi ba a aji aka haife ta ba. Arthur Wynne ne ya buga ta farko a wata jaridar New York ranar 21 ga Disamba 1913, don nishaɗin masu karatu, ta kuma shiga jaridun Faransa cikin shekarun 1920. Masu yin ta manya ne da suka riga suka mallaki harshensu da rubutunsa. Daɗin wasan a wurinsu shi ne tuno abin da suka sani ta hanyar bayani mai lanƙwasa. Daga baya ne makaranta ta ari wasan. Wannan tarihi na da muhimmanci, domin yana nuna cewa wasan kayan tuni ne tun asalinsa.

Ita kanta ragar haruffa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna zana hatimi mai gidaje, suna cika shi da haruffa da alƙaluma, kuma Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da larabci a 1732 a kan yadda a ke haɗa irin waɗannan murabba'ai na lissafi. Saboda haka ba za a ƙi wasan da hujjar baƙunta ba.

Amfaninsa kuwa a fili ya ke. A ajin da yara suka yi yawa, littattafai kuma ba su wadata ba, raga guda da malam ya zana a allo tana iya riƙe hankalin aji duka na wani lokaci, ba tare da an sayi kome ba. Yaro na duban kalma harafi bayan harafi, abin da ke ƙarfafa daidaitaccen rubutu. Ga misali: ɗan Tawa ko Dogon Dutsi yana cewa tamraro, kamar yadda ya ke cewa amre da zamna, alhali littafi ya rubuta tauraro, aure da zauna. Raga ba ta karɓar siga biyu, don haka tana tilasta wa yaro ya lura da sigar da aka tsayar, in dai malam ya gaya masa cewa furucin garinsu ba kuskure ba ne, karin harshe ne. Har ila yau yaron da ke jin nauyin magana gaban jama'a yana samun inda zai yi nasara shi kaɗai. Waɗannan duka ba ƙananan abubuwa ba ne. Amma dukansu sun shafi siffar kalma ne, ba su kai ga ma'anarta ba.

3. Matsalar ma'ana

Jerin da a ke fassarawa kusan kullum iri ɗaya ne: «soleil», «lune», «terre», «étoile», «planète», «comète», «satellite», «orbite», «éclipse», sa'an nan sunayen abubuwan da ke kewaya rana. A faransanci kowace daga cikin waɗannan kalma ce guda mai iyakarta. Da an juyo su zuwa hausa sai iyakokin su rushe.

A ɗauki kalmar tauraro. A maganar yau da kullum duk wani ɗigon haske da ke sama da dare tauraro ne. Zara tauraruwa ce. Abin da faransanci ke kira «comète» tauraro mai wutsiya ne. Na'urar da a ke harbawa sama tauraron ɗan Adam ce. Ga abubuwa huɗu ke nan ƙarƙashin suna ɗaya, alhali darasin falaki na farko bai da wata manufa da ta wuce rarrabe su. Tauraro a ma'anar ilimi dunƙulen iska ne mai tsananin zafi da ke ba da hasken kansa. Bisa wannan ma'ana rana tauraruwa ce, ba ta bambanta da sauran ba sai ta wajen kusanci: tsakaninta da duniya kimanin kilomita miliyan 150 ne, haskenta na isowa cikin minti 8 da ɗan ɗori, alhali hasken tauraron da ke bi mata a kusanci sai ya yi fiye da shekara 4 a hanya. Zara kuwa ba ta da hasken kanta. Jiki ce mai duwatsu, girmanta ya yi kusa da na duniya, hasken rana ne ke dukan gajimarenta ya dawo. Ke nan jumloli biyu ne ya kamata yaro ya fita da su daga darasin: rana tauraruwa ce, Zara ba tauraruwa ba ce. Dukansu biyu sun saɓa wa abin da harshensa ya saba faɗi. Yaro na iya zagaye RANA da ZARA da TAURARO cikin raga, ya sami maki cikakke, bai ji ko ɗaya daga cikin jumlolin nan ba.

Don fassara «planète», gidajen rediyo sun yaɗa kalmar duniya, jam'i duniyoyi. Zaɓin na da kyau ta wani gefe, domin yana sanar da yaro cewa waɗannan abubuwa ƴan'uwan ƙasar da ya ke takawa ne, suna kewaya rana kamar yadda ta ke yi, kuma wannan shi ne zuciyar darasin. Sai dai masu magana ɗaya ne ke cewa duniyar wata idan suna ba da labarin saukar mutane a kansa a 1969. In wata duniya ne, to kalmar ta daina rarrabe abin da ke kewaya rana da abin da ke kewaya wata duniya. Sa'an nan wane suna za a bai wa duniyar da mutane ke ciki, tun da sunanta ya zama sunan jinsi duka? Ana iya karɓar duniya a ma'anar «planète», a kira wadda a ke ciki Ƙasa, a kuma daina cewa duniyar wata cikin aji. Wannan shawara ce da ke iya yiwuwa. Abin da ba shi yiwuwa shi ne a bar mai zana raga ya yanke ta shi kaɗai, bisa yawan gidajen da suka rage masa.

Zara da Gamzaki misali ne da ya fi kowanne daɗi. Hausa na da suna biyu: Zara, wadda a ke gani yamma bayan faɗuwar rana, har a ke ce mata matar wata saboda yawan ganinsu kusa da juna, da Gamzaki, mai fitowa gabas kafin asuba. Abu ɗaya ne, wanda faransanci ke kira «Vénus». Da ya ke hanyarta na tsakanin Ƙasa da rana, ba ta taɓa nisantar rana a ido fiye da digiri 47 ko kusa da haka. Wasu watanni tana bin bayan rana sai a gan ta da magariba, wasu watanni tana gabanta sai a gan ta da asuba, zagayen kuma na komowa bayan kimanin kwana 584. Mai fassara da ya ga «Vénus» zai rubuta ZARA ya wuce, ko kuwa ya sa ZARA da GAMZAKI a matsayin abubuwa biyu don ya cika jeri. A hali na farko an zubar da kalma, a na biyu an koyar da kuskure. Alhali a cikin waɗannan sunaye biyu akwai darasi sukutum wanda faransanci da kalmarsa guda ba ya bayarwa da sauƙi haka.

Sunayen sauran duniyoyin ma ba su zauna ba. Malamai sun gaji sunaye daga larabci: Uɗaridu, Zuhura (wadda ta zama Zara a bakin jama'a), Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Waɗannan biyar su ne ido ke gani ba da na'ura ba. Uranus sai a 1781 William Herschel ya gano ta, Naftun kuma a 1846, don haka ba su da tsohon suna. Idan aka ɗauki sunayen Turai duka, matsala biyu ta taso. Ta farko, ɗan Maraɗi zai karɓe su da furucin faransanci, ɗan Katsina da furucin ingilishi, a sake samun irin rabuwar da ke tsakanin lokotoro da likita. Ta biyu, ɗan Faransa na da abin dogaro cikin harshensa, tun da «mardi», «mercredi», «jeudi» da «vendredi» daga waɗannan sunaye suka fito. Ɗan Bahaushe kuwa ranakun makonsa daga larabci su ke, ba abin da zai tuna masa da «Mercure». Sunayen larabci su ne kaɗai aka sani a ɓangarorin iyaka biyu tun kafin a shata ta. Wannan hujja ce mai ƙarfi ta fifita su, a ari biyun ƙarshe kawai.

Ko yawan duniyoyin ma sai an kula. A 2006, a taronta na birnin Prag, ƙungiyar masana falaki ta duniya ta fitar da Fuluto daga jerin, ta sa ta cikin ƙananan duniyoyi, jerin ya koma 8. Tsofaffin takardu masu 9 kuwa ba su daina yawo ba, domin raga ba ta ɗauke da kwanan wata, kuma wanda ya kwafe ta ba ya tambayar shekarunta.

Saura husufi. Larabci ya rarrabe kusufi na rana da husufi na wata, hausar malamai ta karɓi duka biyun, amma jama'a na haɗa su, ko su ce wata ya yi zazzaɓi, ko rana ta kama wata. Maganar ƙarshen nan tana da kyau a bakin mai tatsuniya, amma ba ita ce abin da ke faruwa ba: inuwar Ƙasa ce ke faɗa wa wata idan ta shiga tsakaninsa da rana, shi ya sa husufi ba ya aukuwa sai wata ya cika. A kusufin rana kuwa wata ne ke shiga tsakani, shi ya sa ba ya aukuwa sai a ƙarshen watan ƙamariya. Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. Ranar 30 ga Yuni 1973 inuwar wata ta ratsa arewacin Nijar, ranar 29 ga Maris 2006 kuma ta bi ta Gusau da Katsina da yankin Maraɗi, gari ya yi duhu da hantsi. Ranar 2 ga Agusta 2027 za ta ratsa arewacin Afirka, a ga wani sashe na kusufin a Nijar. Yaron da ya san abin da ke faruwa ya san kuma cewa duban rana kai tsaye a wannan lokaci na lalata ido. Wanda ya iya zagaye kalmar kawai bai san wannan ba.

4. Matsalar haruffa

Ko da an tsayar da ma'ana, ragar da aka aro tana tafe da al'adun rubutun faransanci waɗanda ba su dace da hausa ba.

Na farko, a gicciyar faransanci ba a kula da alamun da ke kan wasula: é da è da e duk gida ɗaya ne, ana rubuta E. Wanda ya saba da wannan al'ada, ko kwamfutar da aka shirya dominta, sai ya ɗauki ƙugiyar ƙ, ɗ, ɓ da ƴ kamar irin wannan alama ce. Ba haka ba ne. Ƙ da k baƙaƙe biyu ne daban, kamar yadda p da b su ke daban a faransanci. In aka rubuta KASA a maimakon ƘASA, an bar ƙasa an koma ga macijiya, ko ga kasa kaya a kasuwa. In aka bar ɗ na Uɗaridu ya giciya da d na duniya a gida ɗaya, an rushe abin da malamin aji na farko ya sha wahala yana ginawa.

Na biyu, tagwayen haruffa. A abacadar hausa sh da ts kowane harafi ɗaya ne, sauti ɗaya ya ke wakilta, haka kuma kw, gw, ƙw, ky, gy, ƙy da fy. To, MUSHTARI gida 8 za ta ci ko 7? In an raba sh gida biyu, mai haɗa raga zai so ya ratsa HUSUFI ta kan wannan h, yaro kuma ya koyi cewa akwai sautin h cikin Mushtari. Haka ts na wutsiya. Hanyar da ta dace da tsarin harshen ita ce tagwan harafi ya zauna gida ɗaya. Haka nan hamza: faransanci na zubar da alamarsa mai kama da ita idan ya zo raga, amma a hausa baƙi ce cikakkiya, tana bukatar gidanta.

Na uku, tsawon wasali da karin sauti. Bayan taron Bamako na 1966, rubutun Nijar ya kasance yana ninka wasali mai tsawo. An bar wannan bayan taron Yamai na 1980 da ya daidaita rubutu tsakanin Nijar da Nijeriya. Daidaitawar ta yi amfani, amma tana da sharaɗi: jumla ce ke nuna wa mai karatu yadda zai furta kalma. Raga kuwa ba ta da jumla. WATA ita kaɗai na iya zama watan sama, mai faɗuwar murya da dogon wasali a ƙarshe, tana kuma iya zama wata ta cikin wata mace. Ko an san watan sama a ke nufi, saura a rarrabe shi da watan ƙidaya mai kwana 29 ko 30. Haka rana ta sama da rana ta mako. A wasan neman kalma ba abin da ke yin wannan rarrabewa.

Na huɗu, haruffan cike gurbi. Kwamfuta na cika sauran gidajen da haruffan da ta ga dama, har da q, v da x waɗanda hausa ba ta amfani da su, ba ta kuma sa ƙ ko ɗ cikinsu. Sakamakon haka duk inda yaro ya hango ƙugiya ya san kalma na nan, ba sai ya karanta ba. Bayan haka, gaɓar hausa iri uku ce kawai: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Cikin tarin baƙaƙe marasa tsari, duk layin da baƙi da wasali ke bin juna yana fitowa fili kamar farar tunkiya cikin baƙaƙen awaki. Yaro mai wayo na gama wasan da ido, ba da karatu ba. Ga kuma al'adar ɓoye kalma a juye, daga dama zuwa hagu. Yara da yawa na zuwa lakwal ne daga makarantar allo, inda hannu ya saba da tafiya daga dama. A shekarun farko suna kan koyon rarrabe hanyoyin biyu, bai kamata wasa ya rikita musu su ba.

Na biyar, tsawo. «Comète» harafi 6 ne, tauraro mai wutsiya 16 ko da an ƙidaya ts ɗaya. «Espace» 6 ne, sararin samaniya 15. «Satellite» 9 ne, tauraron ɗan Adam 15. Hausa na gina sababbin sunaye ta hanyar harhaɗa kalmomi, kamar ɗan sama jannati, wannan kuwa ƙarfinta ne, domin sunan na ɗauke da bayaninsa. Raga mai gida 10 a kowane gefe ba ta ɗaukar su. Sai mai haɗawa ya zubar da su, ko ya gutsure su, ko ya koma ga kalmar faransanci don ta fi gajarta. Ta haka girman takarda ke zaɓa wa harshe kalmominsa.

5. Abin da fassara ta bari a waje

Jerin da aka fassara na da wani aibi da ba a gani, domin aibin rashi ne. Ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin kalmomin falaki da suka fi shafar rayuwar iyayen yaran. Kaza da ƴaƴanta, ƙungiyar taurarin da larabci ke kira Surayya, tana ɓacewa yamma wajen farkon Mayu, ta sake bayyana gabas kafin asuba cikin Yuni, daidai lokacin da manomin kudancin Nijar ke duban sama yana jiran ruwan shuka. Malaman hisabi kuma sun raba shekarar rana gida 28, kowane gida kwana 13, in ban da ɗaya mai 14, jimla 365. Sunaye irin su Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha sun shiga bakin manoma a matsayin taurarin damina, an kuma tsara su cikin waƙoƙin ajami don sauƙin hadda. Mervyn Hiskett ya yi nazari a kan waɗannan waƙoƙi a 1967. Dalilin wannan ƙidaya a fili ya ke: shekarar ƙamariya kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka watannin Musulunci ba sa tsayawa kan damina, dole manomi ya nemi wani ma'auni, taurari suka ba shi.

Wannan ilimi ne na lura da ƙidaya, kuma ta nan ya kamata darasi ya shiga. Sai dai yana zaune kusa da duba, har kalmar ilimin taurari a kunnen mutane da yawa duba ta ke nufi. Shi ya sa wannan sharhi ya zaɓi ilimin falaki. Aikin malam ne ya nuna inda ƙidayar lokaci ta tsaya da inda faɗin gaibu ya fara. In makaranta ta yi shiru a kan waɗannan kalmomi, yaro zai ɗauka cewa samaniyar littafi daban ce da wadda kakansa ke dubawa, kuma ta littafin ba ta jin hausa.

6. Abin da ya kamata a yi

Da farko a tsayar da jeri. Kalmomi 30 ko 40 sun isa makarantar firamare. A fara da abin da ke cikin ƙamusoshi, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham har zuwa ƙaramin ƙamus na hausa zuwa faransanci na Abdu Mijinguini, a haɗa da abin da za a tattaro daga bakin manoma da makiyaya da malamai a Adar, Gobir, Katsina, Damagaram da Arewa. Kowace kalma a ba ta ma'ana cikin jumlar hausa, da jinsinta da jam'inta. Jinsi ba ƙaramin abu ba ne, tun da rana mace ce a hausa, wata namiji, akasin faransanci, fassara kuma na yawan tuntuɓe a nan. Aikin kuwa ya kamata a yi shi tare da masana na Nijeriya, kamar yadda aka yi na rubutu a 1980.

Na biyu, a kiyaye jerin matakai cikin aji: lura, suna, bayani, sa'an nan wasa. Yara su dubi wata kowane dare har mako biyu, su zana siffarsa cikin kaye. Su nemi Zara, su tambayi gida sunayen da aka sani. Kwano da fitila da lemu sun isa nuna husufi. Raga ta zo a ƙarshe, ta yi aikin da aka ƙirƙire ta dominsa, wato tuni.

Na uku, a fifita gicciyar kalmomi a kan neman kalma, domin ita tana da bayani, bayanin kuma shi ne darasin. A rubuta shi da hausa tun farko. Alal misali: ba ta da hasken kanta, tana kewaya rana cikin kwana 225. Ko kuwa: abin da ke faruwa idan inuwar Ƙasa ta faɗa wa wata. A nan hausa na da gado da ya fi na jarida daɗewa, wato kacici-kacici, wanda shi ma ba kome ba ne illa siffanta abu ba tare da ambaton sunansa ba. Malam na iya cewa: da magariba an ba ni miji, da asuba an sake mini suna. Yaron da ya amsa ya fahimci Zara da Gamzaki gaba ɗaya. Wanda ya kasa ya ba da gari, kamar yadda a ke yi a dandali. Mafi amfani ma shi ne yara su ƙirƙiri nasu, domin ba mai iya ƙulla kacici-kacici a kan abin da bai gane ba.

Na huɗu, a sa wa raga dokokin hausa: harafi mai ƙugiya daban ne da marar ƙugiya, tagwan harafi gida ɗaya, hamza gida ɗaya, ba juyi a ƙananan azuzuwa, haruffan cike gurbi kuma daga abacadar hausa, a jera su gaɓa gaɓa don nema ya zama karatu.

7. Kammalawa

Wasan raga ba abin ƙi ba ne, amma an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Yana tsare rubutun kalmar da aka sani; ba ya tsayar da ma'anar wadda ba a sani ba, ba ya kuma zaɓa tsakanin duniya da tauraro, ko tsakanin Mirrihu da «Mars». Wannan aiki ne na masana harshe da masana falaki da malaman makaranta, tare da dattawan da ke riƙe da tsofaffin sunaye. Muddin ba a yi shi ba, kowace raga da aka zana a allo tana yanke hukunci a madadinsu, yara kuma suna haddace hukuncin. Ma'aunin darasi ba yawan kalmomin da aka zagaye ba ne. Ma'auninsa shi ne yaro ya fita waje da magariba, ya nuna wa ƙanensa Zara, ya iya gaya masa da hausa dalilin da ya sa bayan ƴan watanni za a neme ta gabas da wani suna.